Gadon Shugaba a Wurin Aiki: Darasi Daga Gidan Alhassan Ɗantata

An sha ganin kamfani mai ɗimbin ma'aikata ya durƙushe 'yan shekaru kaɗan bayan rasuwar mai shi. Magada su raba motoci, su sayar da rumbuna, ma'aikata su watse, sunan gidan ya zama labari. Sai dai akwai gidajen ciniki da suka tsira daga wannan ƙaddara, kuma tarihin gidan Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano ya isa misali ga duk mai shugabancin wata ma'aikata.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Ya soma da fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, sannan ya juya ga cinikin gyaɗa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano. A 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa. Sa'ad da ya rasu a 1955, ana lasafta shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. Amma ba yawan dukiyar ne ya raya gidan ba, domin attajirai da yawa na zamaninsa sun bar dukiya, ta kuwa ƙare.

Abu na farko da ya bari shi ne mutane. Cinikin gyaɗa ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Sai da wakilai da za a damƙa wa kuɗi tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su sayo, su kawo lissafi. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari, har shi ma ya tsaya da ƙafarsa. Ta wannan hanya ubangida yake horar da yaransa alhali aiki na tafiya. 'Ya'yansa ma ta nan suka bi. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda aka haifa a 1931, ya fara ne da sayen gyaɗa kafin a ba shi wani babban muƙami.

Abu na biyu shi ne tsari. Kafin rasuwarsa, Alhassan Ɗantata ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da su haɗa kai, kada su bari kamfanin ya wargaje. Harkar ta ci gaba da sunan Alhassan Dantata and Sons. Babban ɗansa Ahmadu ya karɓi ragama, da ya rasu a 1960 Aminu ya gaje shi. Sau biyu ke nan shugabanci ya canja hannu cikin shekara biyar ba tare da ciniki ya tsaya ba.

A nan ne masu sana'a da yawa ke tuntuɓe. Idan shago da motoci da kuɗin banki duk da sunan mutum ɗaya suke, ranar rabon gado su za a raba, jarin ya tsinke gida-gida. Idan kuwa kamfani ne mai rajista, dukiyar ta kamfanin ce, abin da magada za su raba shi ne hannayen jari. Kowa ya sami haƙƙinsa yadda shari'a ta tanada, ma'aikata kuma su wayi gari a bakin aikinsu. Dokar kamfanoni ta 1990 ce ta kafa hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, kuma dokar 2020 da ta maye gurbinta ta yarda mutum ɗaya tak ya yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista.

Abu na uku shi ne koya wa na baya ciniki, ba haja guda kawai ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Gidan bai faɗi tare da ita ba, domin tuni ya shiga gine-gine da wasu harkoki. Alhaji Aliko Ɗangote, jikan Alhaji Sanusi Ɗantata ta wajen uwa, a wannan gida ya tashi, ya kuma kama nasa cinikin a 1977. Alhaji Aminu ya rasu a 2025, shekara 70 bayan mahaifinsa.

Saboda haka ya kamata kowane shugaba ya auna kansa da tambayoyi uku. Wa zai iya sa hannu a madadinsa in ya yi wata uku ba ya nan? Shin bashin da ake binsa da wanda yake bi a rubuce suke, ko a kansa kawai? Mutum nawa ya horar har suka iya aikin kamarsa? Mai tsoron kada na ƙasa da shi su san sirrin aiki, shi da kansa yake yanke wa kamfaninsa wa'adi.