Hutun Maijego Bayan Tiyatar Haihuwa

A ƙauyukanmu na yankin Funtua da Malumfashi, mace da wuya ta zauna. Da damina ga shuka da noma, da kaka ga girbin masara da cirar auduga, kullum kuma ga daka, ɗebo ruwa da neman itace. To, wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri a Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, wane irin hutu take bukata?

Me ya sa hutu ya zama dole?

Likita yakan yanka fatar ciki, ya ratsa nama, sa'annan ya yanka mahaifa. Ɗinkin da muke gani a waje yakan kame cikin mako ɗaya ko biyu, amma na ciki yana bukatar mako 6 ko fiye. Mata da yawa suna ganin waje ya warke, sai su ɗauki taɓarya. Daka, jan guga a rijiya da ɗaukar tulu suna matsa wa ciki, har ɗinki ya buɗe ko jini ya ɓalle. Dokar mai sauƙi ce: har mako 6, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi.

Amma hutu ba kwanciya wuni sukutum ba ne. Ta riƙa takawa a hankali cikin tsakar gida, domin hakan yana hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Idan jariri ya yi barci, ita ma ta kwanta.

Wankan jego da kunun kanwa

Al'adarmu ta kwana arba'in tana da kyau, domin tana ba maijego hutu. Sai dai a kula. A shekarun 1970, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a wannan yanki, suka danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon wuta da yawan shan kanwa. Wadda aka yi wa aiki ta yi wanka da ruwa mai ɗumi kawai, ba fyaɗa ganye a kan ɗinki, ta shanya wurin da tsabtataccen ƙyalle. A maimakon kanwa, a ba ta wake, ƙwai, hanta, zogale da isasshen ruwa, ta kuma sha maganin ƙarin jini da aka rubuta mata.

Alamun haɗari

A koma asibiti nan take idan aka ga:
1. Zazzaɓi, ko ɗinki yana fid da mugunya ko wari.
2. Jini mai yawa.
3. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya.
4. Numfashi da ƙyar, ko ciwon ƙirji.
5. Ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi.

Ko lafiya lau take, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba maijego a rana ta 3, da cikin mako na 2, da kuma bayan mako 6.

Aikin maigida da 'yan'uwa

Maigida, tun matarka tana da ciki ka shirya wadda za ta riƙe girki da yara. Biyan ɗan ƙwadago a gona ya fi kuɗin sake kwanciya a asibiti sauƙi. Ranar suna, a rage mata tashi da zama don gaisawa da baƙi. Zumuntar Mata da maƙwabta su raba kwanaki: wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta yi wanki. Uwar miji, kada ki kira ta raguwa. Tiyata ba gazawa ba ce, ceton rai biyu ne.

A ƙarshe, a ba da tazarar shekara 2 kafin wani ciki, domin mahaifa ta yi ƙwari, haihuwa ta gaba kuma a yi ta a asibiti. Sannu ba ta hana zuwa.