Cinikin Kabon: Wa Zai Ci Ribar Itacen Manomi?

Wani sabon ciniki ya kunno kai a duniya, kuma hajarsa iska ce. Kamfanin da ke fitar da hayaƙi a Turai ko Amurka yakan biya kuɗi a dasa itatuwa a wata ƙasa, sai a ba shi takardun shaida, kowace ɗaya a madadin tan guda na iskar kabon da itatuwan za su zuƙe. Yarjejeniyar Kunming-Montreal ta 2022 ma ta ambaci irin waɗannan takardu don farfaɗo da tsirrai da namun daji.

Ni ban ƙi wannan ciniki ba. Damuwata ita ce abin da ake biya da kuma wanda ake biya. Dashe daban, rayuwar itace daban. A 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kashi 4 cikin ɗari kacal aka cimma na hekta miliyan 100 da aka yi niyya. A Kachung ta ƙasar Yuganda kuwa, gandun itatuwan da aka dasa don sayar da takardun kabon ya raba mazauna da gonaki da makiyaya, har hukumar makamashi ta Suwidin ta dakatar da biya a 2015.

Darasin yana nan kusa, a Maradi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoman Nijar suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe, har suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5. Sirrin shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamnoni, don haka su dillalan kabon za su fara nema. Ina kira gare su da kada su sa hannu sai da sharuɗɗa uku: a biya kan itacen da ya rayu bayan shekaru, a fifita itatuwanmu na gado irin su gawo, ɗorawa, kanya da kuka, kuma a rubuta kason manomi da makiyayi ɓaro-ɓaro a cikin yarjejeniya. In ba haka ba, kura ce za ta sha bugu, gardi ya kwashe kuɗi.