Baƙon Kaduna Da Neman Sabon Gida A Bayan Gari

A wannan mako za mu tattauna a kan wani al'amari da ya shafi 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati baki ɗaya, watau neman muhalli ga mutumin da fatauci ko canjin wurin aiki ya ɗauko shi daga garinsu ya kawo shi Kaduna.

Duk wanda ya san Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka raɗa wa sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi bayan rasuwarsa a 1992, ya san yadda abin yake gudana. Mutum zai zo daga Kano ko Funtuwa ko Gusau, ya kama rumfa, ciniki ya buɗe, sai ya ga lokaci ya yi da zai ɗauko iyali. Kafin ya rufe baki dillalai sun kewaye shi, kowa da hoton sabon gida a cikin wayarsa, ga fenti yana walƙiya, ga ƙofar ƙarfe, ga kuma kuɗin bai kai rabin na cikin gari ba. Haka ma'aikacin da aka yi wa canji yake samun kansa, ga wa'adin kama aiki ya matso, ga yara suna jiran makaranta. A irin wannan hali ne mutane da yawa suke zuba abin da suka tara shekara ashirin cikin yini guda, su zo suna da na sani.

DALILIN FITA BAYAN GARI

Kaduna gari ne na baƙi tun asali. Turawa suka tarar da Gbagyi a wurin, suka kafa sansani a 1913, sa'an nan suka mai da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Tun daga lokacin ma'aikata da fatake suke kwararowa, har unguwannin da ke kusa da kasuwa, irin su Tudun Wada da Unguwar Sarki da Unguwar Rimi da Kabala, suka cika maƙil. Rikice-rikicen 2000 da na 2002 suka ƙara dagula al'amarin, domin kuwa bayansu mafi yawan Musulmi sun tattaro arewacin kogi, mafi yawan Kirista kuma suka koma kudu. Fili ya yi wuya, haya ta hau.

Saboda haka sababbin gidaje yanzu a gefen gari suke: Rigachikun da Barakallahu a kan hanyar Zariya, Mando ta wajen filin jirgin sama, Rigasa inda tashar jirgin ƙasa na Abuja ta fara aiki a 2016, da kuma sabuwar Kaduna da ake kira Millennium City a ƙetaren kogi ta gabas. Akwai gidaje na ƙwarai a waɗannan wurare, akwai kuma na da na sani, amma duk fenti ɗaya ne a idon baƙo. Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

ABIN DA MALAMAI SUKA TANADA

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da lura da wannan. A babin ciniki sun halatta a ƙulla saye bisa zaɓi, watau mai saye ya sharɗanta wa'adin da zai jarraba abin kafin ciniki ya tabbata. Sun ba tufa 'yan kwanaki kaɗan, amma gida suka ba shi kamar wata guda, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu. Hikimar a fili take: gida ba ya bayyana halinsa a yini ɗaya, sai an duba gininsa, an san masu zama kewaye da shi. Haka kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma dillalin da ya taya shi ɓoyewa, la'adarsa tana da tambaya a gaban Allah.

To, idan magabata sun ba gida wata guda a garin da mutum ya sani, ina ga garin da bai taɓa yin damina a cikinsa ba?

DAMINA DA HANYA

Gidan Kaduna da damina ake sanin sa. Kogin Kaduna ya yi mummunar ambaliya a watan Agusta na 2003, ya kuma sake yin ɓarna a wasu shekarun, kuma unguwannin da ke bakinsa da bakin rafukan da ke zuba a cikinsa su suka fi shan wuya. Filin da aka cike fadama da jar ƙasa aka yi gini a kai, da rani ba a bambanta shi da tudu. Mai saye ya dubi gindin katangar maƙwabta ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa tsayawa, ya dubi inda lambatu ya nufa, ya kuma tambayi tsofaffin wurin abin da ake nomawa a filin kafin a yanka shi. In suka ce shinkafa ko rake, to, ya sami amsarsa.

Hanya kuma da safe ake auna ta. Dillali zai kai mutum da azahar ran Lahadi, ya ce minti ashirin ne zuwa kasuwa. Ɗan kasuwa ya dawo ran Litinin da ƙarfe bakwai, ya shiga motar haya daga bakin unguwar, ya bi ta Kawo har Titin Ahmadu Bello, ya ƙidaya lokacin da kuɗin, sa'an nan ya ninka su da kwanakin shekara, ya haɗa da na kai yara makaranta. Sau da yawa arahar da aka samu a gida a kan hanya take ƙarewa. Ya tambayi ruwan sha, ko na famfo ne ko sai an haƙa burtsatse, ya tambayi wuta, ko unguwar tana da taransifoma ko ana ta karo-karo.

Batun tsaro ma ba a yi masa kara. A watan Maris na 2021 an kwashe ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka kusa da Mando, a watan Maris na 2022 kuma aka kai wa jirgin Abuja hari, bai dawo aiki ba sai Disamba. Gidan da yake shi ne na ƙarshe kafin daji, a yi tunani sau biyu kafin a bar mata da yara a cikinsa a tafi fatauci.

TAKARDA

Tun da aka kafa dokar amfani da ƙasa a 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne bisa amana, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma sayar da irin wannan fili yana bukatar amincewarsa. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta hana hukuma zuwa da motar rusau in ya zamana filin na makaranta ne, ko hanya ce, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Mutanen Kaduna sun ga rushe-rushe da yawa tsakanin 2015 da 2023, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda da guminsu suka saya.

Kafin a biya ko kwabo, a je hukumar KADGIS, wadda ke riƙe da bayanan filayen jihar, a bincika ko sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, ko kuma an jinginar da gidan a banki. A nemi izinin gini na hukumar KASUPDA. In gidan gado ne, a tabbata an raba, ko dukkan magada sun yarda, har da mata da marayu. A rubuta ciniki a gaban lauya da shaidu, ko da mai sayarwa abokin sahu ne a masallaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka neman takarda ba rashin yarda ba ne.

KUƊIN SAYE

Ma'aikacin gwamnati ya san ana cire masa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992. Sai dai rancen da aka saba bayarwa daga asusun yana ɗauke da ruwa kashi 6 cikin 100, abin da ya sa Musulmi da yawa suke ja da baya. Yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Kaduna tana cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe. A irin wannan tsari banki yakan sayi gidan ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya a hankali, ko ya ba shi haya har gidan ya zama nasa. Duk da haka a kai takardun yarjejeniyar ga malami masanin ciniki ya duba. Ɗan kasuwa kuwa ya kiyayi zare uwar kuɗi ya binne a bulo, rumfa ta bushe.

MAƘWABCI

Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida. Ya tabbata a hadisi cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a sa shi cikin magada. A sababbin unguwanni kowa baƙo ne, kowa ya ja doguwar katanga, sai a shekara ba a san juna ba. Mai neman gida ya yi sallar asuba da ta isha'i a masallacin unguwar ya ga ko akwai jama'a, ya ga Islamiyyar da yara za su shiga, ya ga inda samari suke zama da dare. Ya tuna kuma shi ma maƙwabcin wani zai zama, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana kansa ko da wanda ke jikin katangarsa ba Musulmi ba ne. Garin da ya sha wuyar rabuwa kamar Kaduna yana bukatar masu riƙe wannan haƙƙi.

Shawararmu ga duk mai shirin tasowa ita ce, ya kama haya ta shekara guda a unguwar da ransa ya kwanta da ita, ya yi rani da damina a ciki, ya san hanyarta da ruwanta da mutanenta. Kuɗin hayar shekara ba su kai asarar gida ba, kuma gidan da Allah Ya rubuta wa mutum ba ya wuce shi. Ya yi istihara, ya shawarci 'yan garinsu da suka riga shi zama, sa'an nan ya saya da ido buɗe.

Allah Ya ba mu muhalli mai albarka da maƙwabta nagari, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.