Kumburin Hanji Mai Daɗewa da Illarsa ga Ƙoda



Bahaushe yana da sunaye da dama na ciwon ciki: zawo, gudawa, atini, basir. To, amma akwai wata cuta wadda harshenmu bai keɓe mata suna ba, don haka takan fake a ƙarƙashin atini har ta yi ɓarna. Ita ce kumburin hanji mai daɗewa, wanda ke faruwa sa'ad da garkuwar jiki ta juya ta far wa hanjin mai ita. Iri biyu ne. Na farko yana sa gyambo a babban hanji, shi ne wanda Samuel Wilks ya bayyana a Landan cikin 1859. Na biyu ana kiransa cutar Crohn, da sunan Burrill Crohn, wanda ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a Niyok cikin 1932. Ita takan kama ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Alamominsu sun yi kama da na atini da na tarin fuka na hanji, watau zawo mai jini da majina, murɗar ciki da rama, sai dai ba sa jin maganin atini. Sukan lafa, su dawo.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙoda biyu suna tace wajen lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da kamar lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Wannan aiki ya dogara ne ga abin da hanji ya tsotso, saboda haka idan hanji ya lalace, ƙoda takan samu rabonta ta hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ƙarancin ruwa ce. Zawo yana ɗauke ruwa da gishiri, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, har ta iya tsayawa farat ɗaya, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Ta biyu tsakuwa ce. Idan ƙarshen ƙaramin hanji ya kasa tsotse maiƙo, sai maiƙon ya kama sinadarin kalsiyam da ke cikin abinci. A lafiyayyen hanji, kalsiyam ne ke ɗaure wani sinadari mai suna okzalet, wanda ke da yawa a alayyafo da gyaɗa, su fita tare a bayan gida. Da zarar okzalet ya rasa mai ɗaure shi, sai ya shiga jini, ya sauka a ƙoda, ya dunƙule ya zama tsakuwa.

Ta uku ita ce cutar kanta. Kumburin da ya shekara yana ci yakan sa wani irin furotin mai suna amiloyid ya taru a ƙoda, ko kuwa garkuwar jiki ta taɓa matatan ƙodar, furotin ko jini ya riƙa yoyo cikin fitsari.

Ta huɗu magani ne. Mesalazin, wanda likitoci ke bayarwa don wannan ciwo, yana da amfani ƙwarai, amma a wasu 'yan tsirarun mutane yana kumbura ƙoda a ɓoye, shi ya sa ake auna jinin mai shansa lokaci lokaci. Mafi haɗari kuwa su ne magungunan kashe zafin ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a kemis ba da takardar likita ba, domin suna iya ta da ciwon hanjin, su kuma raunana ƙoda.

Abin lura shi ne ƙoda ba ta da ƙorafi. Tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mai ita bai ji kome ba, sai kumburin ƙafa da fuska ya bayyana, lokacin nan kuwa an makara. Abin da ya rage shi ne wankin ƙoda a kai a kai, wanda albashi ba ya ɗauka, ko kuwa dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi cikin 2002.

Mu a nan Tudun Wada ba mu da uzurin nisa. A nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi zamansa kafin ya koma Shika cikin 2005, kuma Shika ba ta fi ƙarfin tafiyar safiya ɗaya ba. Saboda haka duk wanda zawo mai jini ya bi shi har makonni, ko ya riƙa tafiya yana dawowa, to, ya daina kiransa atini, ya je a duba hanjinsa. In an tabbatar da cutar, ya nemi a riƙa auna fitsarinsa da sinadarin kiriyatinin na jininsa, ya yawaita shan ruwa, ya kuma guji shan magani da ka.

Allah ya ba mu lafiya.