Gambarar Jos: Abin da M.I Abaga ya ɗauko daga Amurka, da abin da ya bari a can

A ƙarshen watan Nuwambar 2008, rikici ya ɓarke a Jos bayan zaɓen ƙananan hukumomi, inda ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu cikin kwanaki biyu. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Disamba, wani matashi haifaffen garin mai suna Jude Abaga, wanda aka fi sani da M.I, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko, Talk About It. Kundin ya sauya martabar waƙar gambara a Najeriya, ya nuna cewa mawaƙin da ya dogara da kaifin baiti zai iya cin kasuwar da masu waƙoƙin rawa suka mamaye. Yau da kundin ya haura shekara goma sha biyar, da yawa daga cikin waɗanda suka saurare shi suna ɗalibai sun zama manyan ma'aikata a Abuja. Lokaci ya yi da za a auna gadon da ya bari, kuma ba za a iya auna shi ba sai an koma inda salon ya samo asali.

Tushen da ke Amurka

Salon da ake kira gangsta rap, wato gambarar 'yan daba, ya bunƙasa ne a unguwannin baƙaƙen fata na yankin Los Angeles a ƙarshen shekarun 1980. Ƙungiyar N.W.A ce ta fito da shi fili da kundinta Straight Outta Compton, wanda ya bayar da labarin rashin aikin yi, da fataucin miyagun ƙwayoyi, da cin zarafin da 'yan sanda ke yi wa matasa. Zafin kalaman ya kai ga wani jami'in hukumar FBI ya aike wa kamfanin da ke rarraba kundin takardar ƙorafi a 1989. Da tarzoma ta ɓarke a birnin a 1992, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauki bidiyonsu suna dukan Rodney King, sai mutane da dama suka gane cewa waɗannan matasa sun riga 'yan jarida bayar da rahoto.

Daga nan manyan kundaye suka biyo baya: The Chronic na Dr. Dre a 1992, Doggystyle na Snoop Dogg a 1993, Ready to Die na Notorious B.I.G. a 1994, da All Eyez on Me na Tupac Shakur a 1996. Sai dai salon yana da fuska biyu. Fuska ɗaya shaida ce kan rayuwar talaka. Ɗayar kuwa tinƙaho ne da bindiga, da wulaƙanta mata, da gabar da ta tsallake daga baiti ta faɗa kan titi. An harbe Tupac a Las Vegas a watan Satumbar 1996, ya rasu yana da shekara 25. Bayan wata shida aka kashe B.I.G. a Los Angeles yana da shekara 24.

Garin da ya shirya kunnuwansa

Waɗannan kundaye sun iso Najeriya a kaset da faifan CD, kuma a Jos sun tarar da kunnuwan da suka saba da baƙin sauti. Haƙar kuza ta tara Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Ibo da Yarabawa da Turawa a wuri guda tun farkon ƙarni na ashirin. Makarantun mishan da majami'u sun koya wa yara kaɗa jita da fiyano da ganguna, Jami'ar Jos kuma ta tara matasa masu sha'awar adabi. A wannan gari aka haifi tagwayen P-Square a 1981, a nan Ice Prince ya tashi, daga nan Jeremiah Gyang ya fito.

Garin ma yana da nasa gwanin tun kafin zuwan gambarar zamani. Marigayi Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya shafe shekaru yana waƙe rayuwar karen mota da sauran masu ƙaramin ƙarfi, har zuwa rasuwarsa a watan Yunin 2015. Saboda haka sauraron mawaƙi yana bayar da labarin na ƙasa ba baƙon abu ba ne a Filato.

An haifi M.I a Jos ranar 4 ga Oktoban 1981, a gidan limamin coci ɗan asalin Takum da ke Jihar Taraba. Ya yi sakandare a Baptist High School da ke Jos, ya tafi kwalejin Calvin a Jihar Michigan ta Amurka, sannan ya dawo gida a 2003. Daga baya ya shiga kamfanin Chocolate City, wanda lauya Audu Maikori, tsohon ɗalibin Jami'ar Jos, ya kafa tare da abokan aikinsa a 2005. Ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince su ma a nan suka samu mazauni.

Kundayen da suka kafa suna

Abin da ke cikin Talk About It shi ne gwanintar sarrafa harshe: amsa-amo a ciki da wajen baiti, habaici, wasa da kalmomi, da sauka daga Turancin boko zuwa na buroka ba tare da tuntuɓe ba. Waƙar Crowd Mentality gargaɗi ce kan bin yarima a sha kiɗa, ita kuwa Safe, wadda ya yi da Djinee, ta shigar da shi kowane gidan rediyo. A 2009 ya lashe kyaututtuka biyu a gasar MTV ta Afirka, na gwanin gambara da na sabon tauraro.

Kundinsa na biyu, MI 2: The Movie, ya fito a Nuwambar 2010, shekarar da Jos ta ga rikicin Janairu, da kisan Dogo Nahawa a Maris, da fashewar bama-bamai a jajibirin Kirsimeti. A cikinsa akwai waƙar Wild Wild West, makokin ɗan gari kan garinsa da ya zama fagen fama. A nan bambancin ya fito sarari. Wanda ya tashi a garin da aka sha dokar hana fita, aka ga babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, ba ya buƙatar ƙirƙirar labarin bindiga domin a ce masa jarumi. M.I ya ɗauki aikin shaida daga magabatansa na Amurka, ya bar musu kirarin makami.

Wannan hali ya ci gaba. Da aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu a 2012, ya yi musu waƙar Ashes. A 2018 ya fitar da A Study on Self Worth: Yxng Dxnzl, kundin da ya tunkari matsalar damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, batun da maza suka saba ɓoyewa. Ko takun saƙar da ya yi da Vector a 2019, duk da zafinsa, ya tsaya a baiti. A 2021 suka haɗu a waƙar Crown of Clay. Wanda ya tuna yadda gabar Tupac da B.I.G. ta ƙare zai san darajar wannan.

Ba a rasa masu suka ba. Wasu na ganin yabon kai ya yi yawa a waƙoƙinsa. Waƙar da ya fitar a 2017, inda ya caccaki takwarorinsa da cewa 'yan Afirka ta Kudu sun sha gabansu, ta jawo masa martani, musamman ganin cewa a lokacin shi ne ke shugabantar Chocolate City, muƙamin da ya hau a 2015. Masu sauraron Arewa kuma za su lura cewa Hausa ba ta samu babban gurbi a kundayensa ba. Wannan fili matasa irin su ClassiQ da Morell da DJ AB ne suka share shi.

Abin da ya rage a hannun hukuma

Babban abin takaici shi ne, kusan duk taurarin da Jos ta raina sai da suka bar ta kafin su yi fice. Manyan ɗakunan naɗar sauti, da masu rarraba faifai, da kamfanonin talla, duk suna Legas. Filato na shuka, wani na girbewa.

Alhali garin ba ya rasa tubali. Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana Jos, haka Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, da Kwalejin Talabijin ta NTA, da taskar adana fim da sauti ta ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023, ta kuma kafa ma'aikatar da ke kula da al'adu da tattalin arzikin fasaha a shekarar. Amma alaƙar hukuma da gambara an fi saninta ta fuskar haramci, kamar yadda hukumar NBC ta hana gidajen rediyo sanya This Is Nigeria ta Falz a 2018.

Amurka ta bi wata hanya dabam daga baya. Kundin N.W.A da ya fusata FBI, ɗakin karatu na Majalisar Dokokin ƙasar ya shigar da shi cikin jerin sautukan tarihi da ake adanawa. Masu tsara kasafi da rubuta takardun manufofi a Abuja suna da damar yin irin wannan: tattara ainihin naɗe-naɗen Talk About It da MI 2, da na Ɗanmaraya, a taskar da ke Jos, da tallafa wa ɗakunan naɗar sauti a garin. Ɗan tarihin da zai so sanin yadda matashin Jos ya ji a 2010 ba zai samu amsar a rahoton kwamitin bincike kaɗai ba, sai ya haɗa da sauraron waɗannan kundaye.