Kwabbin Azurfa Masu Ƙyalli: A Duba Kafin A Kai Maƙera

'Yan'uwa dillalai na Gusau da Tsafe da Bungudu, ga wata magana a kan kuɗin azurfa da kan faɗo hannunku.

Kowa ya san liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, wanda mata kan rataya a wuya. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nuna tsufa, don an yi ta buga shi da wannan shekara a Biyana da Landan da Bombai. Nauyinsa giram 28, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari. Wannan kam a kan sikeli ake cinikinsa.

To amma akwai wani iri da ba a buga shi don kashewa ba, sai don masu tarawa. Bayansa kamar madubi, hoton kuwa fari-fari kamar an barbaɗa gari, ya taso sosai.

Ga yadda ake yinsa. Ana goge fallen azurfar tas, a goge ƙarfen hatimin shi ma. Kuɗin kashewa bugu ɗaya ne, inji na ta zubarwa. Shi wannan ɗaya-ɗaya ake sa shi, a danna da ƙarfi sau biyu ko fiye, har azurfar ta cika zurfin hatimin. In hoton ya yi tudu ƙwarai, sai an mai da shi wuta tsakanin bugu, don azurfa in ta sha bugu taurare wa take yi. Maƙeran farfaru sun san wannan sarai. Aikin na cin hatimi: dalar azurfa da Amurka ta buga a 1921 da hoto mai tudu ta riƙa fasa musu ƙarfe, dole a 1922 sunka rage tudun.

Saboda haka kuɗinsa a fuskarsa yake. Kada a goge shi da toka ko tsamiya, kada a huda shi, kada ma yatsa ya taɓa fuskar. Ta gefe ake riƙewa. Da an goge, ya koma farashin awo. In ya zo da akwatinsa da takardarsa, a bar su tare, mai saye zai tambaya.

Sai a kula da na jabu. Wanda anka zuba a ƙasa yakan fito da ƙananan ramuka, rubutunsa dakushe, wani har da layin haɗi a gefe. A aza shi a sikeli tukuna kafin a taya.