Mai keke, ɗan sanda da babbar mota: abin da alƙaluman Landan suka tona

A watan Nuwamban 2013, cikin makonni biyu kacal, masu keke shida suka rasa rayukansu a titunan birnin Landan. Keken hawa ake nufi, mai taya biyu da feda, ba a-daidaita-sahu ba. Dukansu shida manyan motoci ne suka yi ajalinsu: uku motocin ɗaukar kaya, uku kuma bas-bas na fasinja. Hankalin gari ya tashi, har ɗaruruwan masu keke suka taru a ƙofar hukumar sufurin birnin, suka kwantar da kekunansu a kwalta, su ma suka yi kwanciyar matattu a gefensu, don mahukunta su gani da idonsu.

'Yan sanda ba su ɓata lokaci ba. Kafin watan ya ƙare an baza jami'ai 2,500 a manyan mahaɗun tituna fiye da 160, safe da yamma, lokacin fita aiki da tashi. Cikin 'yan makonni suka yanka takardun tara kusan 14,000, kuma kimanin 4,000 daga ciki masu keke ne suka sha. Laifuffukan nasu sanannu ne: tafiya da dare ba fitila, ƙetare jar danja, da hawa hanyar masu tafiya da ƙafa. Magajin garin na lokacin, Boris Johnson, ya ma ce shi ba zai ƙi a hana masu keke toshe kunne da abin sauraron kiɗa ba.

Duk wanda ya ji wannan zai ɗauka gangancin masu keke ne yake kashe su. To amma alƙaluman hukuma ba su faɗi haka ba. A shekarar ta 2013 gaba ɗaya masu keke 14 suka mutu a Landan, kuma tara daga cikinsu babbar motar kaya ce ta take su. Daga baya hukumar sufurin birnin ta bayyana cewa irin waɗannan motoci ba su kai kashi 4 cikin 100 na tafiyar da ake yi a titunan Landan ba, amma daga 2015 zuwa 2017 da su aka yi kashi 63 cikin 100 na haɗurran da mai keke ya mutu a ciki. Tun a 2009 ma, wani bincike da aka yi wa ma'aikatar sufuri ta Birtaniya ya bi diddigin rahotannin 'yan sandan kansu, ya gano cewa a haɗurran da mai keke ya ji mummunan rauni, wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai aka danganta da ƙin tsayawarsa a danja. A mafi yawan karon da aka yi tsakanin mota da baligi mai keke, direban aka ɗora wa laifi. Shi ya sa masu keke suka yi ta cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Kada wani ya fahimci cewa doka ba ta hau kan mai keke ba. Ta hau, kuma da hujja. A 2016, a Landan ɗin dai, wani matashi a kan keken tsere marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu, kotu kuma ta ɗaure shi wata 18. Wanda yake kukan mota ta matse shi, shi ma akwai wanda yake matsewa: tsohuwa mai tsallaka titi, da yaro ɗan makaranta. Tarar da aka ci masu tafiya ba fitila ba zalunci ba ne. Gyaran da ake nema shi ne jami'i ya fi tsayawa a inda ake mutuwa, ba a inda kamu ya fi sauƙi ba. Tsayar da mai keke ɗaga hannu ɗaya ne. Tsayar da tifa maƙare da yashi a duba madubinta da birkinta, wannan aiki ne.

Yadda babbar mota take kashe mai keke ya kamata kowa ya san shi dalla-dalla, don iri ɗaya ne ko a Landan ko a Kano ko a Maraɗi. Danja ta tsayar da motoci. Mai keke ya ga 'yar kafa tsakanin tifa da bakin kwata, ya kutsa ya tsaya dab da tayar gaba, a ransa ya sami wuri. Direba yana can sama, shi kuwa mai keke yana ƙarƙashin ƙofar da ke nesa da direban, wurin da gilashi ba ya nunawa, madubi ma sau da yawa ba ya kamawa. Aka ba da hannu. Motar za ta sha kwana, sai ta fara buɗewa zuwa tsakiyar titi don ta sami fili. Mai keke ya ga hanya ta buɗe, ya taka feda. Nan take kan motar ya karyo, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi ta ciki. Filin da ya gani ya rufe, a gefe ga kwata ko shingen ƙarfe, babu wurin tsira. Ba a bukatar gudu kafin wannan ya faru, kuma sau da yawa direban bai ma san ya taka mutum ba sai ya ji ihun jama'a.

A Ingila, da yake ta hannun hagu ake tuƙi, kwanar hagu ce mai cin rai. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, haka ma ake yi a Nijar, don haka a wajenmu babbar mota mai shirin karyawa dama ita ce abar tsoro.

Da Landan ta gane inda matsalar take, sai ta juya kan motocin. Daga Satumban 2015 aka wajabta wa motocin kaya masu nauyin fiye da tan 3.5 sanya ƙarin madubai da shingen gefe mai hana mutum faɗawa ƙarƙashin taya. A 2021 aka fara aiki da wata doka mai auna yadda direban motar da ta haura tan 12 yake iya ganin titi kai tsaye ta gilashinsa. Wadda ta gaza, sai an ƙara mata kyamara da na'urar gargaɗi kafin ta shiga gari. 'Yan sandan yankin birnin Bamingam kuwa wata dabara suka ɓullo da ita a 2016, wadda ta fi burge ni: jami'i ya sa kayan gida ya hau keke, duk direban da ya wuce shi a matse, abokan aikinsa na gaba su tare shi, su nuna masa tazarar mita ɗaya da rabi da ya kamata ya bari. A 2022 wannan tazara ta shiga littafin ƙa'idojin hanya na ƙasar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Mai keke a garuruwanmu ba ɗan motsa jiki ba ne. Magidanci ne da buhun gawayi a kariya, ko mai rake da ya ɗauro dami ya fi faɗin kafaɗarsa, ko ɗalibi da ƙaninsa a baya. Akwai kuma wurin da lissafin Landan ba zai yi mana aiki ba. Binciken 2009 ya nuna rashin fitila bai taka rawa sosai a can ba, amma titunansu a haske suke kwana. Wanda ya fito bayan magariba a titin da babu fitilar kan hanya, cikin ƙurar hunturu, da baƙar riga da keke ba ko ɗan abin ƙyalli a baya, direba ba zai gan shi ba sai ya zo kansa. Haka mai bin hannun da ba nasa ba don ya rage nisa: direban da zai fito daga lungu ɓangaren da motoci ke zuwa yake dubawa, ba ya tsammanin kowa daga ɗaya gefen.

Jami'an kiyaye haɗurra da 'yan KAROTA na Kano da takwarorinsu, idan za a yi kamen masu keke, a fara da fitila da birki, kuma a haɗa da duba madubin tifa da tirela a mahaɗar da aka san ana yawan haɗari. Direban babbar mota, ka kunna sigina da wuri, ka sa yaron motarka ya leƙa dama kafin ka karya. Kai kuma mai keke, ka kai wa mai gyara ya ɗaure maka birki gaba da baya, ka sayi fitila ko da 'yar tocila ce, ka manna abin ƙyalli a bayan keken. In ka iske babbar mota tsaye a mahaɗa, ka tsaya a bayanta, ba a gefenta ba, ka bari ta gama kwanarta tukuna.